Ushirin Fitilar Zamani

Allah Yana raba baiwa tsakanin bayinSa bisa hikimarSa, amma a fahimtar Ustad Fazal Dad na Rawalpindi, ranar da aka raba fasaha shi kaɗai ya halarta. Sana'arsa zanen jikin manyan motoci. Shi ya laƙaba wa kansa Fitilar Zamani, ya rubuta da ruwan zinare a ƙofar rumfarsa, don kada tawali'unsa ya hana jama'a sanin gaskiya.

Wata rana labari ya iske shi cewa a wasu ƙasashe, duk sa'ad da aka sake sayar da zane, mai zanen yana da kaso. Nan take ya hau benci a shagon shayi.

"Ya ku direbobi, ƙarfe kuke kawo mini, in mayar muku da shi lambu mai taya goma. Ku sayar ku ci riba, ni a bar ni da fenti a gemu? Daga yau duk motar da hannuna ya taɓa, in ta canja ubangida, ushirin ribar nawa ne."

Haji Gulzar mai motocin haya ya amince, don a gama masa zanen motarsa. Ustad kuwa, gudun kada a yi jayayya kan mai zanen, ya bar ɗawisu da gaggafa da aka saba, ya zana fuskarsa a bayan motar, gashin baki har kunne, idanu kamar faranti.

Bayan wata shida wani Zarin Gul daga Peshawar ya sayi motar da tsada mai ban mamaki. Ranar da Haji Gulzar ya zo da shi shagon shayi don biyan ushiri, Ustad ya sa sabuwar taguwa, ya tara maƙwabta su shaida.

"Lala," ya ce wa Zarin Gul, wato yaya a harshensu, "gaya wa jahilan nan abin da ya sa ka ƙara kuɗi."

"Fuskar nan mana, Ustad ji," ya amsa, har da "ji" ɗinsu na girmamawa. "Ita na saya."

"Kun dai ji. Ci gaba, ɗan'uwa, kada ka ji nauyina."

"Ka san mu direbobi, tsohon takalmi muke ratayawa a baya saboda mugun ido. To, tun da fuskar nan ta hau titi ko taya ba ta fashe ba. Mai hassada na kallonta sai ya kau da kai."

Tsari dai na Allah ne, malamai sun sha faɗa, amma ba wanda ya tuna da wa'azi a lokacin. Mai shayi ya shiga ƙarƙashin tebur neman cokalin da bai faɗi ba.

Haji Gulzar ya ɗaga ambulan. "Ustad ji, in fuskarka ce, ga ushirinka. In ta wani aljani ce, sai in mayar aljihu."

Fitilar Zamani ya dubi jama'a, ya dubi kaurin ambulan.

"Tawa ce," ya ce a hankali.

"Madalla," in ji Zarin Gul. "Ina da wasu motoci huɗu. Amma don Allah kada ka ƙawata komai. Ka zana ta yadda take."