Tiren Kawu Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da zuwana Lyon na farko, kuma tun yanzu in gyara zancen da dangi ke yawo da shi: ban lalata tiren nan don neman suna ba. Wanke shi na yi. Wankewa kawai!

Lokacin ana maganar aurena da Sani, ɗan Damagaram da ke aiki a Paris. Kawunsa Alhaji, tsohon likita da ke zaune a Lyon, shi ne waliyyinsa, in bai ce to ba babu aure. Aka sa ni a jirgin ƙasa ni da yayata Balki mu je gaisuwa. Har muka isa tana ja min kunne: "Ki riƙe bakinki, ki nuna musu kin iya aiki."

Muna shiga salon, wato falo, na ga tire-tire jere cikin gilashi, an kunna musu fitila kamar marasa lafiya. Wai azurfar Ingila ce ta zamanin da, Alhaji ke bin kasuwannin tsofaffin kaya yana tarawa. Na tambayi matarsa Hajiya wanne ake kawo abinci a kai. Ta ce babu. (Har yau ban gane ba. Tire ne fa.)

Bayan cin abinci na kwashi kwanuka na yi kuzin, wato ɗakin girki. Can kan tebur na tarar da wani babba mai hannu biyu, ya yi baƙi ƙirin, an shimfiɗa masa tawul. A gidanmu na Stains, can gefen Paris, in Inna ta ga tire haka, ranar ba mai shan ruwa. Na ce a raina, Hajiya ta tsufa, bari in rufa mata asiri. Na ɗauko soson ƙarfe na duƙa. Har wani zanen zaki da ke riƙe datti na bi na murje shi tas.

Na kai rabi sai na ji salati a bayana.

"'Yata... me kike yi?"

"Kawu, saura kaɗan," na ce, har da murmushi.

Ya zauna a kan kujera ya cire tabarau. Ya ce jiya ya kawo shi, baƙin nan tun kafin a haifi kakansa yake taruwa, zakin kuma tambarin gidan masu shi ne.

"To su ba su da soso ne?"

Wallahi tambaya nake da gaske. Balki ta mintsine ni har sai da na yi ƙara. Hajiya kuwa ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

Na gama sallama da Sani a zuciyata. Amma da za mu tafi, Alhaji ya miƙo min tiren a naɗe cikin tawul.

"Ki sa a kayan ɗakinki. Yarinyar da ta ga datti a gidan surukai ba ta ɗauke kai ba, na ba ɗana ita. Sai dai in kin zo, kuzin ɗina haramun."

Na koyi cewa a wasu gidajen datti ma gado ne, a tambaya kafin a taɓa. Tiren yana ɗakina, rabi fari rabi baƙi. Sani ya ce a bar shi haka don tarihi. Ni ba na barin aiki rabi. Gobe zan sayo sabon soso a kasuwar Barbès, ranar Juma'a a ci dambu a kai.