Karkaden da Na Ba Surukan Sakina

Abubuwa da yawa na zamanin jami'a sun fara shige min duhu, amma ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a, lokacin ina aji uku a sashen kimiyyar muhalli a Madani.

Ƙauyenmu yana cikin Jazira, tsakanin Madani da Sinnar, a bakin wata tur'a, wato irin magudanar nan da ke kai ruwa gonakin auduga. Ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Matsalar dai ba wanda ya gane abin da nake karantawa. In na ce "bi'a" da Larabci, wato muhalli, sai wasu su ji kamar na ce "bai'i", wato ciniki. Kakata har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane jikanta yana koyon ciniki a Madani.

Zamani ne mai daɗi. Da safe mu taru a gindin dogon yaro wajen wata mai shayi, mu haɗa kai mu ci wake a kwano ɗaya, muna gardama kan hamada da sare itatuwa kamar mu aka jira a gyara duniya. Malaminmu na darasin ruwa wani dogon duktur ne siriri, mai zuwa aiki a kan tsohon keke, ba ya dariya sai in ɗalibi ya yi wauta. Shi ne ya ba mu aiki: kowa ya ɗebo ruwan tur'ar garinsu daga wurare daban-daban, ya ajiye a wuri mai sanyi, ya kawo ɗakin gwaji ranar Asabar a duba ƙwayoyin cutar da ke ciki. Kwalaben sashe ba su ishe mu ba, sai ya ce mu nemi robobin ruwan sha mu wanke su sosai.

Ranar Alhamis na hau hafila, wato ƙaramar bas, na tafi gida. Ko hutawa ban yi ba na zura farar rigar ɗakin gwaji (ba wanda ya ce in sa ta, ni dai ina so a gani) na nufi tur'a. Na ɗiba daga sama inda ruwa ke shigowa, na ɗiba a wurin wankin mata, sannan na gangara can ƙarshe inda ake shayar da shanu da jakuna, nan ma na cika manyan robobi. Na rubuta alamomi da boko a kan murafen, na jera su a firij ɗin da yayanmu ya aiko daga Saudiyya. Ban gaya wa kowa ba. A ganina ba za su gane ba, kuma gidan a cike yake da hidima, don washegari mutanen garin Mai Wurno za su zo neman auren ƙanwata Sakina.

Sakina ta daɗe tana son Abdurrahim, malamin makaranta ne mai hankali, amma danginsa mutane ne masu ji da asali. Sai da aka sha kai da kawo kafin su yarda su tako ƙauyenmu. Inna ta kwana biyu tana shara da turare.

Bayan an sauko Juma'a suka iso: Alhaji Bello, baffan yaron, dattijo mai farin rawani da sanda, da yayan ango, da wasu maƙwabtansu. Baba ya zaunar da su a ɗakin baƙi, ni kuma aka ɗora min kai abin sha. Inna ta miƙo min babban jug na karkade, wato zoɓo, ja wur, da ƙanƙara tana yawo a ciki, ta dube ni da wani irin murmushi ta ce Allah Ya yi min albarka. Na ce amin, ban tambayi dalili ba.

Na zuba wa kowa. Alhaji ya shanye kofinsa a tashi ɗaya, na ƙara masa. Sai ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan jami'ar? Mi kake karantawa?"

Dama abin da nake jira ke nan. Na ajiye faranti, na gyara tsayuwa, na fara. Na yi musu bayanin katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, da maganin feshin auduga da ke gangarawa cikin ruwa, da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Rabi Hausa rabi Larabci, ina jefa kalmomin Turanci inda na ga za su yi armashi. Na ce mutanenmu suna kashe kansu da jahilci, duk wanda ya sha ruwan tur'a ba tare da ya tafasa ba guba ya sha (wallahi haka na ce, guba). Alhaji yana gyaɗa kai yana kurɓa. Ya ce ma sha Allah, gidan da ke da yaro irin wannan ai ba a tsoron shan ruwansa. Baba yana ta shafa gemu don daɗi.

Jug ya ƙare, na koma cikin gida in ƙaro. Na buɗe firij, robobina babu. Na waiga, sai ga su a kife a kan kwando, an ɗauraye su fes.

Na tambayi Inna ina ruwan da ke ciki. Ta ce ai famfo ya ɗauke tun asuba, tana cikin damuwa sai ta ga na sayo wa baƙi ruwan roba daga Madani ban ko faɗa ba, shi ta jiƙa karkaden da shi. Ta ce ba ta san ina da tunani haka ba. Ga wanda bai sani ba, a wurinmu jiƙa karkade ake yi a ruwan sanyi, ba ya ganin wuta.

Na daɗe a tsaye riƙe da jug. Zuciyata ta ce in yi shiru, wa zai sani? Amma Alhaji tsoho ne, ga ciwon sukari, kuma na san da idona inda na ɗebo robobin ƙarshe. Na koma ɗakin. Lokacin an shiga maganar da ta kawo su. Na durƙusa kusa da Baba na raɗa masa a kunne. Baba kuwa kunnensa na hagu ya daɗe da yin nauyi.

Ya ce, "Ɗaga murya. Babu baƙo a nan, mun zama ɗaya."

Haka na ɗaga murya na ce, "Baba, karkaden nan da ruwan tur'a aka yi shi. Na gwajina ne."

Alhaji ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali can nesa da shi. Sannan ya tambaye ni, cikin natsuwa, daga wane wuri na tur'ar.

Na ce wurare daban-daban ne.

"Har da wajen jakuna?"

Na ce shi ya fi yawa.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya toshe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Yayan ango bai yi dariya ba. Baba ya yi min wani kallo da ban taɓa gani ba, ya shiga ba da haƙuri. Aka bar maganar aure a nan. Na nace sai an je wurin ma'aikacin lafiya na ƙauye, aka taso shi daga barcin rana, ya ba su magani yana cije leɓe don kada ya yi dariya. Ina tafe a bayansu har suka hau mota.

Sakina ta shige ɗaki tana kuka. Inna ta ce ita roba ta gani a firij, ba ta karanta boko, me ya hana ni buɗe baki?

Ranar Asabar na je gaban duktur hannu wofi. Da na gama bayani ya cire tabarau, ya yi dariya har da hawaye, ya ce duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa samun ɗalibin da ya tsallake ɗakin gwaji ya wuce kai tsaye kan mutane ba. Ya ba ni wata damar. Daga baya na ji kowace shekara da labarina yake buɗe darasin ajiyar ruwan gwaji, sunana kawai yake sakayawa.

Alhaji ko ciwon kai bai yi ba, amma yayan ango ya kwanta da gudawa na 'yan kwanaki, kuma daga Mai Wurno shiru. Sakina ta daina yi min magana, ko gaisuwa. Wannan ya fi komai yi min ciwo, don tun muna yara ba mu taɓa gaba ba. Da shirun ya yi yawa, Baba ya sa ni gaba muka tafi can. Na durƙusa a gaban Alhaji na ba da haƙuri. Ya bar ni a durƙushe har gwiwoyina suka fara zafi, sannan ya ce ya yi tunani, yaron da ya zaɓi ya sha kunya a gaban mutane a kan ya bar su su tafi da cuta, za a iya haɗa zuri'a da gidansu. Ya ƙara da cewa amma ranar biki kada a bar ni kusa da randa.

An ɗaura auren bayan girbin dawa. Aikin da aka ba ni shi ne shimfiɗa tabarmi.

Baba da Alhaji duk sun riga mu gidan gaskiya, duktur ma ban san inda rayuwa ta kai shi ba. Sakina tana da 'ya'ya manya yanzu, kuma duk sun san labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Ni dai abin da na koya bai zo a jarabawa ba: kafin ka tashi wayar da kan gari guda, ka fara gaya wa mahaifiyarka abin da ka ajiye mata a firij.