Rabin Buhun Dawar Likita Bawa

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na tafi Isa neman shawara na dawo ƙauyenmu Tozai da dawa a kai ba. Ina shekarar ƙarshe a kwaleji a Sakkwato, shekara ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi mu, ga shi an ce kowa ya zaɓi hanyarsa: ko in karɓi aikin koyarwa nan take, ko in wuce karatun likitan dabbobi, wanda zai ci wasu shekaru ba ko kwabo. Zuciyata tana wajen dabbobi. Kuma duk laifin Likita Bawa ne.

Likita Bawa shi ne likitan shanu na yankinmu. Tun ina firamare nake ganinsa yana zuwa allurar garke, da kakinsa da doguwar hularsa, yana yi wa Fulani Fillanci suna dariya. Ya dafa wuyan bijimin da mutum huɗu suka kasa riƙewa, bijimin ya tsaya. Tun daga nan na ƙudurta abin da za ni zama. Har tafiyarsa na kwaikwaya, ashe ciwon gwiwa ne ke sa shi ɗingishi.

Da aka ba mu hutu sai na ce ba wanda zai raba mini wannan gardama sai shi. Na zauna na rubuta tambayoyi goma sha biyu a littafi, rabinsu da Turanci don ya san ba da ƙaramin mutum yake magana ba. Na aro kwat da laktaye wajen abokin ɗakina (kwat, a watan bazara, a Isa, Allah dai ya shirye ni). Ban ko biya gida ba, daga tasha sai ƙofar gidansa.

Na tarar da zaure cike. Tsofaffin manoma ne da makiyaya, wasu da sanda a hannu amma ba sauran saniyar da za a kora da ita. Na ga kowa in layi ya zo kansa sai ya gai da Likita, ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Likita ya leƙa cikin gida ya yi magana, a fito da ƙunshi, mutum ya yi godiya ya fita. Ni mai ilimi sai na ɗauka maganin dabbobi ake rabawa. Hankalina yana kan littafina, ina bitar tambaya ta farko.

Layi ya zo kaina. Na durƙusa, kwat ya ɗaure ni a hammata. Muka gaisa, ya tambayi ɗan wa ne, na faɗi sunan Baba. Ashe ya san shi, har ya tuna wata akuyarmu da ya taɓa ɗora wa ƙafa. Ya tambayi mutanen Tozai da haƙurin ruwa. Na amsa. Sai ya zuba mini ido yana jirana.

To, nan fa. Mutumin da na yi shekara goma sha ina hange daga nesa, ga shi gabana, har ina ganin furfurar gemunsa. Turancin ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Na ce "Dama..." na tsaya. Na sunkuyar da kai, na shiga tsinkar bakin tabarma da farce, gumi yana bin laktaye. Wato dai na yi daidai abin da duk wanda ya riga ni ya yi.

Ya dafa kafaɗata, ya rage murya don kada na kusa su ji.

"Kak ka hwaɗi komi, ɗana. Na gane. Shekarar ga ba ta bar kowa ba."

Kafin in gane abin da ya gane, an jawo rabin buhun dawa an ajiye gabana. Ya ce in gai da Baba, in ce masa kada ya ji nauyin aikowa.

Jama'a, ku gaya mini yadda za ni ce ba wannan ya kawo ni ba. In faɗa a gaban dattawan da shi ya kawo su? In nuna ni na fi ƙarfin abin da sa'annin ubana suka zauna jira tun safe? Kuma ina aka taɓa mayar wa babba hannu? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Allah shi saka da alheri." Na tusa littafin tambayoyi a aljihu. Wani tsohon Bafulatani ya kama mini buhun ya aza mini a ka, yana faɗa wa na kusa da shi cewa lallai abin ya kai, tunda har 'yan boko masu igiya a wuya sun fara fitowa.

Ranar kasuwa ce kuwa. Haka na ratsa Isa, kwat da laktaye da buhu, ƙaiƙayin dawa yana zuba mini a wuya. Na haɗu da 'yan ajinmu biyu a bakin tasha, suka gaishe ni da ladabi irin na ta'aziyya. Ina tafe ina zagin kaina, ina rantsuwa gobe za ni dawo in yi masa bayani.

Da na isa gida Inna ta dubi buhun, ta dube ni, ba ta tambayi daga ina ba. Ta kwance bakinsa ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta daɗe a haka. A gefen murhu na ga ƙwarya an jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai an kwana ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Na leƙa rumbu, sai ƙasa. Duk wasiƙun da Baba yake sa a rubuto mini cewa suke, lafiya lau ake, ka yi karatunka. Ƙannena suka zagaye turmi suna kallon Inna tana surfe.

Ban koma Isa washegari ba. Da hutu ya ƙare na cika takardar koyarwa, na miƙa. Kafin in sami ƙarfin halin sake zuwa wajen Likita Bawa an mayar da shi wani gari, daga baya na ji rasuwarsa.

Na yi koyarwa har na yi ritaya, kuma ban raina ta ba, ita ta riƙe gidanmu. Amma har gobe in na ga ana yi wa garke allura sai na tsaya a gefen hanya kamar mai jiran wani, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo. Ina son in san me zai ce da na yi tambayar. Wataƙila ya ce in daure in wuce. Wataƙila ya ce abin da na yi shi ne daidai.

Shi ya sa duk ɗalibin da ya zo wajena ya sunkuyar da kai yana "dama, dama", ba na tarar numfashinsa da cewa "na gane". Sai in gyara zama in ce ya buɗe baki ya faɗa, ko za mu kai la'asar. In ya gama, sai in tambaye shi ko an ci abinci a gidansu.