Zlatka Ta Durƙusa a Bakin Gada

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, Nedelcho Baltov na ƙauyen Dolna Leska, wanda kowa ke kira Bai Nedelcho, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ta taɓa ɗauka a bayanta rasuwar babbar motarsa, Zlatka. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin gadar ƙauye, taku ɗari biyu daga ƙofar gida, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya, bayan jinyar kwana tara a ƙafarta ta gaba ta hagu. Allah ya gafarta mata.

An ƙera marigayiya a wata masana'antar da ita ma ta daɗe da mutuwa. Ta yi ƙuruciyarta a gonar gwamnati ta zamanin da, tana jigilar dankali da ganyen taba, kuma tun ranar da aka kawo ta babu wanda ya riƙe sitiyarinta sai Nedelcho. Da aka rushe gonar aka raba kaya, wasu suka tashi da shanu, wasu da kwanon rufi, shi kuwa ya ce a ba shi ita kawai. Matarsa marigayiya Siyka ce ta raɗa mata suna.

Mota ce mai haƙuri, marar tsirfa. Duk shekara ita ke sauko da itacen hunturu daga kan dutse kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ta ɗauki kayan amare lokacin da ake aure a ƙauyen nan, da aka daina kuma ta koma ɗaukar akwatin gawa, ba ta taɓa nuna ta fi son wani aikin a kan wani ba. Da safe takan gaisa da mutane da "gurrr, gurrr, tuf," sau uku, a na huɗu ta tashi. In ta doso gangara birkinta kan yi "ƙiii" tun daga nesa, mata su kwashe kaji daga hanya. Hon ɗinta ya mutu shekara goma sha biyu da suka wuce, ba wanda ya lura.

Ya kamata masu karanta wannan takarda su san abin da ke rataye a wuyan marigayiya, ko da yake ita ba ta sani ba. Bayan rasuwar Siyka, 'yarsu Bilyana ta zo daga birnin Plovdiv ta tarar da mahaifinta shi kaɗai, ga shekara saba'in da uku, ga hawan jini, ga bas ta daina zuwa ƙauye, likita kuma sai an gangara tafiyar kilomita goma sha takwas. Suka yi ta ja-in-ja har miya ta huce. A ƙarshe ta kira shi Tate, wato baba, ta ce, "To shi ke nan, Tate. Muddin motar nan na iya kai ka gari ta dawo da kai, zauna abinka. Amma ranar da ta tsaya, ka tattara ka dawo wurinmu. Ba ni hannu." Ya ba ta hannu. Bai Nedelcho mutum ne da ba ya magana biyu, halin da ya daɗe yana taƙama da shi.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙaramin abu. Tana saukowa da itace ta faɗa rami, ganye ɗaya na sifirin ɗin gaba, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, ya karye, ta dawo gida tana ɗingishi tana cewa "ƙwal, ƙwal" a kowane dutse. Akwai bakanike a gari, amma surukin Bilyana ne ta wajen mijinta, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Don haka aka yanke shawarar yin jinya a gida. Aka ɗaga ta da jak, aka tokare da kututture biyu, aka samo wani sifirin daga jikin wata 'yar uwarta da ke ruɓewa a bayan tsohuwar gonar gwamnati. Kwana huɗu yana kwance a ƙarƙashinta a kan kwali, tsatsa na zubo masa a ido. Aiki ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ya gani zai faɗa. Saura ɗaure notin da ke riƙe gindin sifirin a jikin ƙarfen mota.

A Dolna Leska ba a yarda da notin da hannu kaɗai ya ɗaure ba. Haka aka koya musu a gonar gwamnati, haka suka tsufa a kai: in hannu ya gaji, sai a zura wa sufana bututun ruwa mai tsawon mutum, a kira mai nauyi ya hau. Mai nauyin unguwa shi ne Parvan, maƙwabci kuma abokin Nedelcho tun suna makaranta. Ya zo da cuku a hannu yana ci.

"Delcho, ka tabbata? Na ƙara ƙiba fa tun bara."

"Hau, kai dai. Ai ba yau ta fara ɗaukar ka ba, buhun dankali."

Ya hau. Notin ya yi ƙara, ya tafi kaɗan, ya ƙara tafiya, daga nan sai ya riƙa juyawa cikin sauƙi kamar cokali a cikin shayi. Haƙoran ramin da notin ke shiga duk sun cinye. Parvan ya sauko ya ce shi dai ya faɗa tun farko.

Ba a fid da rai ba. Bai Nedelcho ya fito da akwatin kayan aikin mahaifinsa, ya faɗaɗa ramin, ya ɗiga baƙin mai, ya yanka sababbin haƙora da hannunsa, rabin juyi gaba, ɗan juyi baya, yini guda cur. Ya sa noti mafi kauri, ya ɗaure shi da hannu daidai gwargwado, ya kama tsaf. A nan ya kamata a tsaya, shi ma ya sani. Ya shiga gida ya ci wake, ya wanke kwano, ya zauna. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya da notin da bututu bai taɓa ba. Ya fito ya zura bututun, bai ma kira Parvan ba, ya ce ɗan taɓawa kawai. Marigayiya ta ce "tas," sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ƙarfen da ramin yake ciki ya tsage daga sama har ƙasa.

An yi walda kwana biyu, ana liƙe nan can na buɗewa, don tsatsa ta riga ta cinye inda wuta za ta kama. Ranar Talata aka sauke ta daga kan jak. Ta tashi a kira na huɗu kamar kullum, ta fita ƙofa, ta gangara a hankali. A bakin gada ta durƙusa ta gaba, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, injin yana ci gaba da aiki. Bai Nedelcho ya ɗan zauna a ciki, sannan ya kashe ta da hannunsa. Bai yi kuka ba. Ya ce ya nemi kukan bai same shi ba.

Parvan ya ce, "Mu ja ta cikin rumfa mu rufe da tamfol. Ka ce fenti ake mata. Wa zai kai labari Plovdiv, kaji?"

"Na ba ta hannu, Parvan."

"Hannu! Ni ma na ba matata hannu a kan zan daina sha."

Bai Nedelcho ya koma gida. Ya wanke hannu da toka da sabulu, baƙin bai fita ba, ya buga wa Bilyana waya. Ta ce, "Ka ji ciwo, Tate?" Ya ce a'a. Ta ce ɗakinsa na nan a gyare, tagar tana kallon wurin ajiye motoci, zai ji daɗi. Ya ce to.

Marigayiya ta bar mai gidanta, da tsofaffi goma sha tara da bana ba su san wanda zai sauko musu da itace ba. Ta bar jak ɗaya, da tayar ko-ta-kwana da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da bututun ruwa, wanda yake nan lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba. Iyalan ba su ɗora wa kowa laifi ba, kuma suna roƙon a daina tsokanar Parvan a shago.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bakin gada, inda take har yanzu. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo daga gari da motarsu su ɗauke ta, kuma sun yarda su tafi a hankali har ƙarshen ƙauye saboda masu son raka ta da ƙafa. Limamin coci ya ce ba zai zo da rigar aiki ba, amma zai zo. Donka matar Parvan za ta raba dafaffiyar alkama da sukari, za a zuba ruwan inabi a inda ta durƙusa. Masu kawo furanni su kawo bibbiyu, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci.

Za a karɓi gaisuwa a gida har ƙarfe biyu na rana, lokacin da motar Bilyana za ta iso. Ƙaramar mota ce, an ce jaka biyu kawai za ta ɗauka. Wanda ke da wata magana da Bai Nedelcho ya yi ta kafin lokacin. Ba za a liƙa takardar sanarwar cikar kwana arba'in ba, ba kuma za a dafa alkama a ranar ba, domin babu wanda zai kasance a gidan. Masu son kajin gidan su ga Parvan.