Hoton Baba a Shafin Albasa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka kira ni a salula aka yi mini gaisuwar mutuwar babana, shi kuwa yana zaune gabana a bakin rumfa yana shan hura. Wani direban kamyo ne, babbar motar kaya, daga Parakou. Ya ce, "Allah shi jiƙan Alhaji, Allah shi ba ku haƙuri." Na dubi Baba, shi ma ya ɗago ludayi ya dube ni. Na ce wa mutumin ya yi kuskuren lamba. Kafin in mayar da salula aljihu wani kiran ya shigo daga Gaya.

Albasa muke sayarwa a kasuwar Malanville, buhu-buhu, tun kafin a haife ni. A shekarun baya ciniki ya ja da baya, domin samarin da suka shigo sana'ar suna tura hotunan kayansu ga masu saye na kudu, mu kuwa muna zaune muna jiran wanda ya san mu. Ni na matsa wa Baba a buɗe mana shafi a intanet. (Karatuna bai wuce aji uku na kwaleji ba, amma a gidanmu ni ne mushe, wato malamin boko.) Ya ce, "Yi abin da ka gani, ni dai albasa na sani."

Da farko ba wanda ya kula shafin. Hoton buhuna ne da lambar waya, shi ke nan. Sai mai siber, shagon intanet na kusa da tasha, ya ba ni shawara. Ya ce fuskar shafi ita ce bakin rumfa, mai saye yana son ya ga mutumin da zai amince wa, ya kuma san an daɗe cikin sana'ar. Maganarsa daidai ce. Ni na ɓata ta.

Na ɗauki Baba hoto da babbar riga da hular Juma'a. Na cire launin, na mai da shi baƙi da fari, don na ga haka manyan kamfanoni ke yi wa wanda ya kafa su. Na zagaye shi da baƙin layi. A ƙasa na rubuta cikakken sunansa, da shekarar da ya buɗe rumfa, da ɗan zane a tsakiya, da shekarar da muke ciki. Ban nuna wa kowa a gida ba, na tura gurup ɗin 'yan albasa.

Duk wanda ya tashi a nan ya san irin hoton da ake yi wa haka. Ni ma na sani, na sha rubuta addu'a a ƙarƙashin irinsa. Ranar dai ban gani ba. Mutanenmu kuma ba sa buɗe shafi su karanta faransanci, hoto suke gani su tura gaba.

Kafin azahar na gaji da cewa yana raye. Sai ga Alhaji Bawa. Shi ɗan kasuwa ne daga Kamba, abokin Baba tun suna samari. Akwai alkawari tsakaninsu da kowa a gidanmu ya sani: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai sa shi cikin kabari da hannunsa. Ya biyo ta Gaya, ya ƙetaro gada a kan kabu-kabu, idanunsa jawur, da ƙunshi a hammata. Ya tarar da Baba a sunkuye yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa.

"Isa, ba ka mutu ba?"

"In na mutu wa za shi aje ma albasa ta kirki?"

"Anka ce mini ka tahi. Na bar mata gida suna kuka."

"Mi ke gare ka nan a hammata?"

Ƙunshin ya kwance da kansa, farin yadi ya sauko har ƙasa. Sai Baba ya fara dariya har ya zauna a kan buhu, ya nuna ni da haɓa. "Mushe, taho ka gaida babanka."

Na durƙusa. Alhaji Bawa ya dube ni.

"Kai ne mai wanga aiki? Ɗana, albasa anka ba ka saidawa ko tsoho?"

Matan da ke sayar da tumatir a gefe suka fassara wa juna da yarensu na dendi, dariya ta bi layi har bakin hanya. (Har yau akwai masu kirana maraya mai uba, sai dai yanzu sun rage murya.) Da Alhaji Bawa zai naɗe yadinsa Baba ya riƙe. "Bar shi nan, ai ba shi ruɓa kamar albasa."

Baba bai yi mini faɗa ba. Da muka tashi kasuwa ya ce, "Cire shi. In kuma za ka sake kashe ni, ka hwaɗa mini tukuna in yi wanka." Na cire. Abin takaici, a satin nan mutane sun leƙa shafinmu fiye da kowane lokaci, har masu saye biyu muka samu daga kudu.

Da albasar gaba ta shigo kasuwa, Baba ya faɗi a rumfa da hantsi. Kafin mu kai likita ya cika. Na rubuta sanarwa a gurup, na ce jana'iza bayan la'asar. Na nemi hoto, babu wani mai kyau a salulata sai wancan, mai babbar riga. Shi na sa, da launinsa. Na kira Alhaji Bawa sau biyu, babu rezo, kiran bai shiga ba, hidima kuma ta ɗauke ni.

Sai da muka dawo daga maƙabarta na ga saƙon muryarsa. Yana dariya. "Mushe, ka sake? Ce ma tsohon ga in da gaske ne shi kira ni da bakinshi."

Washegari ya iso. Ya wuce ni, ya tambayi ƙanen Baba wa ya sa shi cikin kabari. Aka ce ni ne. Ya tambaya da wane yadi, aka ce wanda shi ya kawo. Ya gyaɗa kai, ya nemi wuri a ƙarshen tabarma.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare: kafin ka nuna wa duniya fuskar ubanka, nuna wa tsohuwa ɗaya a gida ta gaya maka abin da ta gani.

Shafin yana nan. Inda hoton yake fari ne fes, ban sa komai ba. Saƙon Alhaji Bawa ma ban amsa shi ba har yanzu.