Janaretan da Ya Gaje Gangarena

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kantin maganin da ke bakin layinmu, mai tausayin raunana, uban masu buƙata ta musamman, kamar yadda aka rubuta a allon ƙofarku.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ciniki na tafiya yadda ake so, ranka ya daɗe, ni ne mai gyaran fankar nan da ke tsallaken titi, mai keken guragu. Wataƙila ka manta da ni, amma ka san fuskata, domin an ce hotona na rataye a bayan kantarku, ina murmushi kana riƙe da kafaɗata. Na ce "an ce" ne saboda ban taɓa ganinsa ba. Yana ciki, ni kuwa ina waje.

Na ɗaya, ina godiya da gangaren simintin da kuka gina mana. Ranar buɗe shi an yanka ƙyalle, an tafa, an turo ni sama a hankali don mai hoto ya samu yadda yake so. Ranar ce ta farko da na shiga kantinku, kuma zuwa yau ita ce ta ƙarshe. Washegari na tarar an ɗora janareta a kan gangaren, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Ba na yi masa hassada, shi ma mai taya ne, kuma matattakala na ba shi wahala kamar ni. Tambayata kawai, wane magani yake saya da ya fi ni matsayi?

Na biyu, ƙararrawar da kuka kafa domin irinmu mu danna a fito mana. Dabara ce mai kyau. Sai dai wanda ya kafa ta dogo ne, kuma a tsaye ya auna. Da zan iya miƙewa in taɓa ta, ranka ya daɗe, ai da na ƙarasa ciki da ƙafata.

Na uku shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kuna da ma'aikaci mai kirki da muke kira Lasifika. Da ya hango ni sai ya leƙo daga saman matattakala. Sauka ba ya cikin aikinsa, janareta kuma na ruri a tsakaninmu, don haka dole ya ɗaga murya. "Oga, basir ɗin ne har yanzu, ko ƙaiƙayin ne ya dawo?" Haka yake tarbata, da fara'arsa. Albarkacin wannan tsari babu mai shago a layinmu da bai san tarihin cikina ba. Mai wanki kan yi mini sannu kafin in ce ba ni da lafiya, mai aski kuma har shawarar abin da zan daina ci yake ba ni. Sauran jama'a kuwa sukan jingina da kanta su yi raɗa, a naɗe musu a baƙar leda. Shin raɗar ma sai mai ƙafa?

Duk wannan na shanye shi da dariya, don mun saba. Amma yanzu likita ya ce zuciyata ta fara gazawa, ya ɗora ni a kan maganin da ba a wasa da shi. Gidanmu na kallon ƙofarku. Inna, mahaifiyata, kullum tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Idonta ya yi rauni amma kunnenta garau yake, kuma ta san sunan maganin nan sarai, domin shi mahaifina ya sha har ya bar mu. Ina so ni in gaya mata da bakina, a ɗaki, da kwalin a hannuna, in ce ga ciwo ga magani, har na fara sha. Ba na so ta ji daga saman matattakalarku tare da mai wanki. Tsoron wannan ya sa har yau ban sayi maganin ba, kuma numfashina kullum ƙara gajarta yake yi.

Za ka ce in aiki wani. Duk wanda zan aika, gaban Inna zai fara tsayawa ya gaishe ta, ita kuwa ba a wuce ta da leda ba ta ji abin da ke ciki ba. Za ka ce in je wani kantin. Na je, a saman bene yake, Allah ya saka musu da alheri, su ba su ma yi mini alkawari ba. Maigadinku ya yi tayin ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhu, na gode masa ƙwarai, sai dai Inna ba za ta ga an saɓi ɗanta ta zauna ba ta tambaya ba.

Na san za ka ce ga shi na tona kaina, tunda a jarida na buga wannan wasiƙa. Kada ka damu, a layinmu jarida ba ta isowa sai ta tsufa an naɗo sabulu a ciki. Kafin nan kana da isasshen lokacin da za ka sa a gusar da janareta taku kaɗan.

Idan kuwa hakan zai takura masa, a bar shi ya huta, ba na son a ce na raba ku. Sai dai ka riƙe Lasifika da kyau, kada wani kamfani ya ɗauke maka shi. In na ƙara jinkirin samun maganin nan, akwai sanarwar da za a buƙaci mai murya ya yi wa layinmu da sassafe, kuma ita ba sai an yi raɗa ba. Hoton da za a nema ma yana wurinku.

Naka mai biyayya, mai jira a gindin matattakala kamar kullum,

Mai gyaran fanka na tsallaken titi