Rasuwar Ta Hagu, Lasifikar Falon Mai Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yanzu ba wanda ya zubar da hawaye, iyalin tsohon ma'aikacin ɗab'in nan da aka fi sani da Mai Kunne suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar lasifikarsu, wadda a gida ake kira Ta Hagu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar labaran rediyo, a kusurwar falon da ta zauna fiye da shekara talatin. Mai karanta labarai ya ɗauko wata jimla, marigayiyar ta ce "ɓarrr", ta yi shiru. Ƙarshen jimlar daga bakin 'yar uwarta, Ta Dama, aka ji shi.

Iyali sun ga ya dace a faɗi tun daga farko cewa rashin ya zo da wata tambaya da ta fi shi nauyi. Mai gidan ya shafe shekara guda yana cewa marigayiyar ba ta da lafiya. Sauran mutanen gida ba su taɓa jin ciwon ba. Ko dai lasifikar ce ta lalace, ko kuwa kunnen da unguwa duka ta dogara da shi ne ya fara tafiya.

An haɗu da marigayiyar ne a wani shagon kayan sauti, a zamanin da Mai Kunne yake wuni a tsaye a gaban injin buga takardu, ya dawo gida kansa yana amsa kuwwa. Abin da yake nema bai wuce sauti mai tsabta da zai wanke masa kunne ba. Mai shago ya jera masa manya-manya masu ƙyalli, yana karanto masa lambobin da ke jikin kwali. Bai dubi kwalin ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa katakonsu da bayan yatsa, wadda ta amsa kamar fanko ya wuce ta. Ya ɗaga su ya ji nauyi. Da mai shago ya saki kiɗa har ƙasa tana rawa, sai ya ce a kashe, a kamo masa labarai, a kuma rage murya ƙasa-ƙasa.

"Ihu kowa ya iya," in ji shi. "Raɗa nake so in ji."

Tagwayen da suka ci jarrabawar ba su da wani kyau na a zo a gani. Katako ne mai duhu da baƙin ƙyalle a fuska. Ko su ɗin ma bai ce ya saya ba sai da aka yarda ya kai su ɗakinsa ya saurara, domin a cewarsa shago ba ya faɗin gaskiya, bango da labule su ne rabin sauti. Ya janye su daga jikin bango kamar taƙi guda, ya karkato fuskokinsu zuwa kujerarsa. Daga ranar ba a sake gusar da su ba, ko don shara, sai da jinya ta zo.

Waɗanda suka zauna da marigayiyar sun shaide ta da gaskiya. Ba ta ƙara wa kiɗa kaurin da ba a ba ta ba, ba ta kuma rage wa murya komai. Idan an kunna ta takan ce "ɗuf" sau ɗaya, a hankali, kamar mai gyara zama, daga nan ba a sake jin nata bakin, sai na wanda ta ɗauko. A wurinta ana jin numfashin mai labarai tsakanin jimla da jimla, ana jin sanda ya juya takarda. Akan wuni da ita kai bai yi ciwo ba. Ba ta da fitila mai walƙiya. Ba ta taɓa tashin jariri daga barci ba.

Ta dalilinta mai gidan ya samu sunan da ya danne nasa na yanka. Duk wanda zai sayi lasifika a unguwar, daga mai aski zuwa mai kantin magani zuwa angon da ke haɗa ɗaki, sai ya biyo ya ɗauke shi. Yakan tsaya a tsakiyar shago, ya rufe ido, ya karkatar da kai hagu, ya ce wannan, ko ya ce mu tafi. Ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba. Mutum ɗaya ce kawai Mai Kunne bai taɓa neman shawararta ba, ita ce matarsa. Yakan ce mata, "Ke ai ƙarar murfin tukunya da kiɗa duk ɗaya ne a wurinki." Ita kuma takan ce, "To Malam, da wannan kunnen dai nake jiyo tarinka daga bayan gida in kawo maka ruwa."

Jinyar ta faro ne bara. Mai Kunne ya ce marigayiyar ta fara cinye ƙarshen kalmomi, mai labarai ya koma kamar wanda ya cusa tsumma a baki. Ya sauya waya. Ya goge kowane haɗi. Ya ɗauke ta da kansa zuwa wurin mai gyaran rediyo, wanda ya buɗe ta, ya gwada, ya mayar da ita yana cewa, "Baba, wannan ta fi ni lafiya." Mai gidan ya dawo yana faɗin yaran yanzu ba su da kunne.

Babbar 'yarsa ta kawo shawara mai sauƙi. Ta ce a musanya musu wuri, a kai Ta Hagu dama, a kawo Ta Dama hagu, a ga ko ciwon zai bi ta ko zai tsaya a inda yake. Mai Kunne ya san wannan gwaji, shi ya koya wa rabin unguwa shi. Ya daɗe yana kallon kusurwar, sannan ya ce ba a tayar da mara lafiya. Ba a sake ɗauko maganar ba.

Maganin da ya zaɓa mata shi ne ƙarin murya. Ya juya mafi yawan sautin ya koma ɓangarenta. Makunnin ƙara murya da tun zuwansa gidan bai taɓa wuce kwata ba ya kai rabi, ya wuce rabi. Kofunan cikin kabad suka fara kaɗawa. Maƙwabcin da ke bayan bango ya ce ya daina sayen batir, tunda labarai suna iso masa har gado. Matar gidan ta koma yin tsintar shinkafarta a tsakar gida. Marigayiyar, wadda aka zaɓa saboda raɗa, ta ƙare kwanakinta tana ihu. Da aka cire ƙyallen fuskarta bayan ta cika, an tarar da takardar bakinta ta yage daga gefe zuwa tsakiya.

Kwana biyu bayan rasuwar, surukin gidan, mijin babbar 'yar, ya karɓo lasifika uku daga shago don a gwada a zaɓi magajiya. Akwai wata ƙatuwa mai fitilu masu canza launi, da wata doguwa siririya, da wata ƙarama ta katako da ba ta da ado. Aka ɗora ta farko a kusurwar marigayiyar, aka kashe Ta Dama don kada ta sa baki, aka kamo labarai. Mai Kunne ya zauna a kujerarsa, ya rufe ido, ya karkatar da kai hagu.

"Ta toshe," in ji shi.

Aka ɗora ta biyu.

"Ita ma."

Aka ɗora ta uku. Ya saurara fiye da yadda ya saurari sauran. Ya buɗe ido ya dubi surukinsa.

"Duk wuri ɗaya aka ƙera su?"

Surukin ya sunkuyar da kai yana gyara wayar da ba ta buƙatar gyara. Mai gidan ya miƙe, ya juya wa ɗakin baya yadda kunnensa na dama zai fuskanci kusurwar, ya tsaya haka yana kallon bango. Mai labarai yana ta bayanin yanayi. Da ya juyo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya kira matarsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da tawul a hannu, ya nuna mata kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kai sai shi.

"Zo ki zauna nan."

"Ni, Malam? Mai kunnen murfin tukunya?"

"Zauna. Rufe ido, kada ki dubi fitilun nan. Kai kuma rage murya, rage sosai. Ba kiɗa za ki nema ba. Ki nemi inda mutumin yake numfashi."

Aka sake bin su ukun daga farko. Ta zauna a bakin kujerar, ba ta jingina ba. Da aka gama ta ce, "Ƙaramar. Har na ji ya haɗiyi yawu."

Mai Kunne ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon ƙaramar, ya bar shi a nan yana jin motsinta. Ya ce a bar ta, a mayar da sauran. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya tambayi matarsa tun yaushe ta sani. Ta ce tun sanda ya daina amsa mata sallama idan ta shigo ta ƙofar kicin da ke hagun kujerarsa. Bai amsa ba. Ta zagayo ta damansa ta maimaita. Ya gyaɗa kai.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yar uwarta ta haihuwa, Ta Dama, wadda ke cikin ƙoshin lafiya, ko da yake yanzu za ta zauna da baƙuwar da ba tsararta ba. Ta bar amfilifaya guda, wato akwatin da ke tura mata sauti, wanda wasu ke zargi da hannu a mutuwar, amma iyali sun wanke shi, domin abin da aka umarce shi ya yi. Ta bar kwali biyu na kaset, da zuriyar gizo-gizo da suka tashi a bayanta, da kuma wani wuri mai kusurwa huɗu a kan darduma wanda launinsa bai koɗe ba. Magajiyar ba ta kai girman da za ta rufe shi ba.

Game da jana'iza, an naɗe marigayiyar a tsohon labulen falo, za a kuma ɗora ta a saman kabad ɗin ɗakin mai gidan ranar Asabar da safe. Mai gyaran rediyo ya nemi a ba shi maganaɗisunta da sauran abin da ke da amfani a cikinta. An yi masa godiya, an ce a'a.

Za a karɓi gaisuwa a falon gidan kullum da yamma, ban da ranar Alhamis, domin a ranar mai gidan zai je ganin likitan kunne tare da matarsa. Masu shirin sayen lasifika da suka saba biyowa su ɗauke shi, ana sanar da su cewa ya daina zuwa shago. Wanda ya zo gida zai faɗa masa abin da ake saurare, sauran aikin kuma na kunnen mai saye ne.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zauna ta hannun damansa, su dubi fuskarsa idan za su yi magana, kada su ɗaga murya. Wanda ya yi gaisuwa bai ji an amsa ba, kada ya ɗauka fushi ne. Ya matso kusa, ya sake faɗa.